Ingilishi Ba Ya Jiran Rakiya

Mahaifina bai taɓa faɗin abin da ya kai shi gidan mutum yana zaune ba. Zai yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi lafiyar gida da ta dabbobi, ya tambayi ruwa in damina ce, zafi in bazara ce, ya sha furar da aka kawo masa, har ya yaba hannun wadda ta dama. Yana iya cinye rabin yini a haka. Sai ya miƙe, mai gida ya zura takalmi ya rako shi, sun wuce rumbuna sun kusa fita unguwa, sannan ya ja ya tsaya kamar wanda abu ya faɗo wa yanzu, ya ce, "Af, na ko mance." Abin da zai biyo bayan wannan "af" ɗin shi ne ya fito da shi daga gida tun da safe: aron jaki, ko maganar iyakar gona, ko nema wa wani aure. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A Garhanga, garinmu da ke cikin duwatsun Adar, duk dattijon da ya san ciwon kansa haka yake yi. Tun muna yara muka gane cewa in baƙo ya zo ba sai ka wahalar da kanka da zaman zaure ba, ka tsaya kusa da hanya kawai ka jira rakiya.

Ni ne ɗan farinsa, don haka ni abin ya fi shafa. Bai taɓa kiran sunana ba, ko dai "kai" ko "yaron ga". Ga shi kuma yawancin ƙuruciyata ba ya nan, yana ci-rani a Abijan kamar rabin mazan garinmu. Yakan zo da damina ya yi noma ya koma, wata shekarar ma ba ya zuwa. Na fara saninsa ne a matsayin baƙon da ke zuwa da rediyo da sabulu mai ƙamshi. Ko da ya dawo gida gaba ɗaya, gwiwoyinsa sun riga sun fara ciwo, ni kuma na tafi kwaleji a Keita. Duk wata magana mai nauyi da ta taɓa shiga tsakaninmu a hanyar tasha aka yi ta, ina riƙe da jaka.

Na kawo wannan ne don a san irin kunnen da na tafi da shi jami'a. Lakwal ma, wato makarantar boko, ba ta canza shi ba, ƙara masa ƙarfi ta yi. Mushe, wato malamin da ya koya mana Faransanci a lise, babbar sakandare, ya nuna mana cewa rubutu mai kyau a hankali yake shiga: ka taso daga nesa, ka kawo wannan gefe, ka kawo wancan, sai can a ƙarshe ka fito da naka ra'ayin. Na ji daɗin darasin nan ƙwarai, domin na ga ashe Faransawa ma sun san rakiya. Ingilishi kuwa, abin da muka yi bai wuce haddar kalmomi da 'yan gajerun labarai na wani da ya je kasuwa ya sayo lemo ba. Na ci shi a jarrabawar bak ta gama sakandare ban taɓa karanta shafi biyu a jere ba.

Aikin gona na karanta a jami'a. Shekarar farko sai da na maimaita ta, kimiyyar sinadarai ce ta kayar da ni, kuma bisa ƙa'ida wannan ya cinye mini damar maimaitawa. A shekarar ƙarshe ta lisans, wato digirin farko, aka kawo mana darasin karanta takardun bincike na Ingilishi, domin a cewar malamanmu yawancin abin da ake rubutawa a kan ƙasa da ruwa da iri, har a kan gonakinmu na nan, da wannan harshe ake buga shi. Madam ɗin da ke koyar da mu 'yar ƙasarmu ce, amma a Gana ta yi karatu. Takan raba mana takardu masu ƙananan haruffa a cunkushe, ta ce mu karanta, mu faɗa mata da Faransanci abin da marubutan suka gano.

Ban yi wasa ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban wa. Na sayi ƙamus mai kauri, duk kalmar da ban sani ba na nemo ta na rubuta Faransancinta a samanta da fensir, har takardar ta koma kamar wurin da tururuwa suka samu sukari. Amma ga yadda nake karatun. Ɗan akwatin rubutun da ke saman shafin farko, da layukan farko na kowane sakin layi, nakan bi ta kansu ne sama-sama, yadda mutum ke amsa "ina kwana" da "ina gajiya" hankalinsa na wani wuri. Ba wanda ya koya mini haka, ban ma san ina yi ba, idona ne da kansa ke zamewa. Ƙarfina nake adanawa don ƙarshe, wato layukan ƙarshe na sakin layi da shafin ƙarshe na takarda. A can kuwa abin da nake tararwa kullum iri ɗaya ne. Marubutan na cewa a wurare kaɗan suka yi aikinsu, wataƙila a wani wurin abin ba zai zama haka ba, akwai buƙatar a ƙara bincike, sannan godiya ga waɗanda suka taimaka. Ni kuma sai in ce yawwa, ga rakiyar nan, in zauna in fassara ta kalma-kalma.

Saboda haka duk takardar da aka ba ni, amsata ita ce marubutan ba su da tabbacin komai. Har na kafa ra'ayi a kansu. A fada, wurin shan shayinmu na bayan ɗakunan kwana, nakan ɗaga murya in ce masu binciken Ingilishi matsorata ne, sai su cika shafuka don kawai su gaya maka ba su sani ba. Abokaina suna dariya, ni ina jin kaina gwani.

Na faɗi jarrabawar. A ƙasan takardata Madam ta rubuta da jan biro cewa kalmomina duk daidai ne, amsar ce ba daidai ba. Na same ta a ofis raina a ɓace. Ta ce ban kama ainihin maganar ba, in riƙa duba inda marubuci ke ajiye ta. Ni a lokacin na ji wannan kamar a gaya wa ɗan Garhanga inda rijiyar garinsu take. Na fito ina cewa a raina 'yan birni take so, waɗanda suka tashi da kallon fina-finan Ingilishi a falon gidajensu. Abin da ya rage mini shi ne jarrabawa ta biyu, wadda ake yi bayan damina. In na sake faɗuwa, na fita daga jami'a ke nan, ba lisans ba komai.

Na koma gida hutu na kama hauya. A shekarar har da gonarmu ta kan tudu muka noma, wani faƙo ne da a da ko ciyawa ba ta fita, sai da aka tona masa tassa, ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama. Hatsi ya tsaya a cikinsu kore shar, tsakanin duwatsu. Mahaifiyata ce na gaya wa zancen faɗuwar, na san kuma ta isar da shi inda ya kamata, amma mahaifina bai nuna ya ji komai ba. Sai kawuna, ƙanen mahaifiyata mai shago a Abijan, wanda ya zo damina ƙauyensu kusa da Buza, ya fara zuwa gaisuwa. Yakan daɗe a zaure ana zancen ruwa da tsutsa. Ranar da na hango su tsaye shi da mahaifina bayan rumbuna, sun daɗe ba wanda ya motsa, ban buƙaci a gaya mini a kan wa ake magana ba.

Da noma ya yi sauƙi na shirya tafiya Madawa, in zauna wurin gwaggona in yi karatu inda akwai lantarki da rezon waya kafin jarrabawa. Mahaifina ya rako ni zuwa inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Mun sauka cikin yashin korama mun kusa hayewa, ya tsaya.

"Af. Kawunka na son mutum a shago. In karatun ga bai yi ba, bayan girbi ku tahi tare."

Na ce to. Ba abin da ake cewa ban da to. Ni ban raina ci-rani ba, shi ya sa wa ɗakunanmu kwano, shi ya ciyar da mu a shekarun da rumbu bai cika ba. Amma na san yadda yake: mutum ya tafi da niyyar shekara ɗaya, ya dawo da furfura da ciwon gwiwa, 'ya'yansa na leƙensa daga bayan zanen uwarsu. Na hau babur tsoro da haushi sun cika mini ciki.

Gwaggona ƙanwar mahaifina ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba ka ce nono ɗaya suka sha ba. Tana da rumfar abinci a bakin tashar Madawa, shinkafa da wake da rana, tuwo da yamma. A Garhanga an san ta da rashin gaisuwa. Ba wai ba ta gaisuwar ba ne, a baya take sa ta. Takan shigo gida ta ce, "Na zo ɗaukar turmi, ina kwananku." Mahaifina ya ce tasha ce ta ɓata ta. Ita ta ce mota ba ta jiran a gama tambayar lafiyar awaki. Mahaifiyata kuwa ta ce kada a ɗora wa tasha laifi, tun tana budurwa haka take. Ranar da na isa, ban gama sauke jaka ba ta ce, "An ce ka hwaɗi. Zamna ka ci abinci. Ina mutanen gida?"

Bayan rumfar akwai wani benci a inuwa, nan na mayar wurin karatuna tsakanin azahar da la'asar, lokacin da masu ci ke raguwa. Hayaƙin murhu na shiga mini ido, manyan motocin albasa na wucewa kan kwalta, 'yan kamasho na kiran Konni da Maraɗi. Na ci gaba da abin da na saba, ƙamus a cinya, fensir a hannu, ina ƙara wa tururuwa yawa. Cikin takardun da na zo da su har da wadda na faɗi a kanta, kuma a kan tassa take magana. Ita na fi zama a kai, yadda mutum ke komawa yana taɓa haƙorin da ke masa ciwo.

Wata rana Gwaggo na zaune kusa da ni tana tsince shinkafa a faranti, ta tambaye ni me ke cikin takardar nan da nake harara kwana da kwanaki. Na ce zancen tassa ne. Ta ce tassa kam ta san ta, ta ɗauki taki a ka zuwa tudu har wuyanta ya sage, to me Nasaru suka ce a kanta? Na gyara zama na buɗe shafin ƙarshe, na fara yi mata bayani cewa sun ce gonakin da suka duba ba su da yawa, ba su da tabbacin ko a wani wuri haka abin zai kasance.

"Kai, Mushe, ban tambai ƙarshe ba," in ji ta. Mushe take kirana in tana son tsokana. "Mi yac ce da yab buɗe baki?"

Na ce mata ai wannan buɗe magana ce kawai, kamar gaisuwa, ba komai a ciki. Ta ce to in karanta mata gaisuwar ta ji yadda Nasaru ke gaisawa. Don in rabu da ita na koma shafin farko, na sa yatsa a kan ɗan akwatin nan na sama, na fara juya shi zuwa Hausa da ƙarfi. Ba a juya magana zuwa Hausa sama-sama, dole ka tsaya a kan kowace jimla har ta ba ka abin da ke cikinta. Ran nan ne karo na farko da na karanta layukan a hankali. Ba gaisuwa ko ɗaya. Sun ce sun duba faƙon da aka tona wa tassa aka sa taki, sun ga ya ba da hatsi inda a da ba ya ba da komai, har a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, kuma babbar matsalar ita ce wahalar tonon. Duk abin da Madam ta tambaya a jarrabawa yana nan kwance a layukan farko, kowace kalma da fassararta da na rubuta da hannuna a samanta.

"To ai ya gama magana," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago kai daga shinkafarta ba. "Sauran mi na?"

Na sauka sakin layi na gaba na karanta jimlarsa ta farko kaɗai, na tsallaka na gaba na yi haka, na yi ta bi har ƙarshe. Takardar gaba ɗaya ta miƙe tsaye a gabana: abin da suka tambaya, inda suka je, abin da suka yi, abin da suka samu. Ƙarshen nan da na shekara ina zufa a kansa ashe sassauci ne kawai, irin na mutumin da ya gama faɗin magana tsaf sannan ya ƙara da cewa Allah ne masani. Na jawo wata takardar na gwada, haka. Na jawo wata, haka. Dariya ta kama ni har wani direba da ke cin abinci ya waiwayo. Akwai kunya a cikin dariyar, amma sauƙin ya fi yawa, domin na daɗe ina zaton kaina ne ba ya ja. Na ce wa Gwaggo ashe mutanen Ingilishi kaf irin maganarta suke rubutawa, su faɗi abin da ya kawo su tun daga bakin ƙofa, gaisuwa ta biyo baya. Ta ce ashe dai suna da hankali, kuma in na koma gida in gaya wa yayanta.

Gane abu daban, daina tsohon hali daban. Washegari na tarar idona na nan na zamewarsa, sai na tsinci kaina a tsakiyar sakin layi ban san da me ya fara ba. Na yago gefen kwalin sukari na riƙa rufe komai da shi sai jimlar farko, ba na jan kwalin ƙasa sai na iya faɗinta da Hausa. Ƙamus kuwa Gwaggo ta ƙwace shi ta ɗora a kan buhun wake. Ta kafa mini doka: kowace takarda sai na gaya mata abin da ke cikinta kafin ta gama zuba wa mutum ɗaya abinci, sannan in ɗauki littafina. In na fara da "wato a wannan zamani da muke ciki" sai ta buga ludayi a bakin tukunya. Na yi fushi da ita ba sau ɗaya ba, har na taɓa cewa ita da ba ta san ko harafi ba ta fi Madam tsanani. Ta ce Madam ba ta ciyar da ni.

A haka na gano cewa kalmomi da yawa da nake tsayawa nema ba su hana fahimta, magana na tafiya ko ba su. Waɗanda ke yawan dawowa kuma na riga na san su, wahalar ƙamus ɗin ba ta tafi a banza ba, ga kuma kalmomin kimiyya da yawa da suka yi kama da na Faransanci. Sai na bi takarda sau ɗaya ta kan jimlolin farko da kanun sassa da jadawalai, na san inda ta dosa, sannan in dawo in karanta ta duka, a lokacin ƙamus ke da amfani.

Ba kowace takarda ce ta bi wannan hanya ba. Akwai wadda ta kayar da ni: marubucin ya buɗe da ra'ayin wasu, na ɗauka nasa ne na kai wa Gwaggo da gudu, ashe a jimla ta gaba ya ce amma, ya rushe shi. Daga nan na koyi sa ido a kan 'yan ƙananan kalmomin da mutum ke juyawa da su. Akwai kuma wani da ya yi ta kewaye-kewaye shafi guda bai ce komai ba, na duba na ce wannan ko ba a gaya mini ba namu ne, Ingilishi yake rubutawa amma a zaure ya tashi. Ƙarshen takardun ma ban yar da su ba. Na gane su ne ke gaya maka iyakar inda za ka yarda da maganar, kuma mutumin da ya faɗi abin da ya gani sannan ya faɗi inda idonsa bai kai ba, ba matsoraci ba ne. Na janye abin da na faɗa a fada, ko da yake ba wanda ya nemi in janye.

Na koma jami'a. Ranar jarrabawa aka ba mu sabuwar takarda a kan itatuwan gawo a cikin gonaki. Ba a shiga da kwalin sukari, don haka tafin hannuna na sa, yana ta zufa yana jiƙa takardar. Na karanta akwatin sama a hankali, na sake karantawa, na bi jimlolin farko, na dawo na bi duka. Na gama amsa tambayoyin da sauran lokaci, abin da ya tsorata ni ya sa na sake dubawa ko na tsallake shafi. Da aka liƙa sakamako a bango na tarar da sunana cikin waɗanda suka ci, ba a sama ba, ba kuma a ƙasa ba. Na je gindin wani dogon yaro na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba.

Na haɗu da Madam a baranda, ta tsayar da ni ta tambayi abin da ya canza. Na ba ta labarin rakiya da na Gwaggo da ludayinta. Ta ce ai tun makon farko ta gaya mana cewa ainihin magana na a farko, ta faɗa da Faransanci ta faɗa da Ingilishi, ta maimaita ba adadi. Na ce gaskiya ne, amma kullum a farkon darasi take faɗa, ni kuwa na ɗauka gaisuwa ce. Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce daga bana sai an tashi, ɗalibai sun kai bakin ƙofa, sannan za ta ce musu af.

Da na so da na kira wayar ƙanena ya kai labari gida, amma na ga wannan ba maganar waya ba ce. Na biyo ta Madawa. Ina saukowa daga mota Gwaggo ta hango ni daga rumfa.

"Ka ci?"

"Na ci, Gwaggo."

"To madalla. Sannu da hanya."

Ta zuba mini shinkafa da nama har ya rufe ta, abin da ba ta taɓa yi ba duk zamana a wurinta. Washegari na shiga motar Buza, daga can na hau kabu-kabu zuwa Garhanga. Girbi ya kankama, dammunan hatsi jingine ko'ina a bakin hanya.

Na tarar da mahaifina a zaure yana tufkar igiyar ɗaurin dami. Murna da zaman rumfar Gwaggo suka haɗu suka rinjaye ni, ban ko gama sallama ba na ce, "Baba, na ci jarrabawa." Ya ɗago ya yi mini irin kallon da yake yi wa ƙanwarsa. Sannan ya ce ina gajiya. Ya tambayi hanya, ya tambayi Madawa, ya tambayi Gwaggo da ciniki, ya tambaya ko can ma ruwa ya ɗauke da wuri. Na durƙusa na amsa duka ɗaya bayan ɗaya. A cikin gida mahaifiyata ta rangaɗa guɗa, ta sa aka kama zakara. Shi kuwa ya ci gaba da tufkarsa.

Na yi 'yan kwanaki ina taya su jidar hatsi daga tudu, bai ce uffan a kan maganar ba. Na san halinsa, na san inda zan jira shi. Amma wani sabon tsoro ya shige ni. Mahaifina ba ya mayar da magana, balle wadda ya yi da suruki. In ya riga ya ce wa kawuna to a bayan rumbunan nan, wataƙila cin jarrabawata ba zai warware komai ba, sai dai a ce in je in yi shekara ɗaya in dawo. Kuma na san wannan shekara ɗayar.

Ranar da zan koma karɓar takardar shaida ya ɗauki sandarsa ya rako ni. Muka wuce rumbuna, sababbin dammuna na ƙamshi. Muka sauka cikin korama, yana taka yashin a hankali saboda gwiwa. Mun kusa hayewa ya tsaya, ni ma na tsaya, jaka a hannu.

"Af. Maganar da kak kawo, na jiya." Ya ɗan soka sandar cikin yashi. "Zancen kawunka kuma babu shi. Tun bayan tahiyarka Madawa, ran kasuwar Buza, nit tai nis same shi nic ce shi nemi wani."

Sai da na juya maganar a kaina kafin ta zauna. Tun bayan tafiyata Madawa, wato tun ba a yi jarrabawar ba, tun ina kan benci ina faɗa da ƙamus, Abijan zaune a ƙirjina. Ban taɓa mayar masa da tambaya a rakiya ba, amma ranar na tambaye shi me ya hana a gaya mini.

"Ba ka dawo ba bale in raka ka," ya ce. Ya juya yana kallon tudun gonarmu, ba ni ba. "Shekarun da niy yi can sun ishe mu, ni da kai."

Ɗan kabu-kabu ya hango mu daga hayi ya tayar da babur. Ni da na koyo faɗin magana tun daga bakin ƙofa, sai ga ni na koma kan gaisuwa. Na durƙusa a cikin yashin na ce masa ya koma haka nan saboda ƙafarsa, a gaida gida. Ya ce gida zai ji, amma bai koma ba. Da muka hau tudu na waiwaya, yana nan tsaye a inda na bar shi.